Baba a Gona: Tarihin Nomansa da Hanyoyin Gane Shi a Ƙasar Kafin Hausa da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Duk Bahaushe ya san ma'anar "masu hannu da shuni", watau mawadata. Amma in aka kai ɗalibi bakin gona aka ce ya nuna tsiron da ake samun shunin daga gare shi, da wuya a sami ɗaya cikin masu yawa da zai nuna daidai. Kalma ta wanzu a baki, abin da ta samo asali daga gare shi kuwa ya ɓace wa ido. Wannan shi ne dalilin wannan maƙala.

Masana tarihi sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan rini da marina da fataucin tufafi, amma sun fi mai da hankali ga karofi da kasuwa, suka bar gona a baya. Alhali kuwa karofi ba ya tsayuwa sai da baba, baba kuma manomi ne yake shuka shi, ya gane shi, ya san lokacin yankansa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sana'ar rini a gona ta fara, kuma a gona ta fara mutuwa, tun kafin a ga karofi ya cike da ƙasa. Za a ɗauki ƙasar Kafin Hausa da maƙwabtanta a matsayin fagen bayani, a duba yanayin ƙasar, da siffar tsiron, da yadda ake nomansa, da matsayinsa a ƙarni na 19, sannan da dalilan ja da bayansa.

2.0 Ƙasar da Ake Magana a Kai

Kafin Hausa gari ne a masarautar Haɗeja, kuma hedkwatar ƙaramar hukuma a Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sa babban birninta a Dutse. Kalmar "kafi" tana nufin gari da aka kewaye da itatuwa da aka kakkafa domin tsaro, kuma sunan ya dace da tarihin wurin, domin a ƙarni na 19 yankin yana kan iyaka ne tsakanin masarautu. Jahun da Dutse suna ƙarƙashin Kano a wancan zamani, Auyo da Kafin Hausa suna ɓangaren Haɗeja, ƙasar Katagum kuma tana maƙwabtaka da su ta wajen gabas da kudu.

Ƙasar iri biyu ce. Akwai jigawa, watau tudun rairayi mai saurin tsotse ruwa, wanda daga gare shi ne jihar ta sami sunanta. Akwai kuma fadama mai laka a gefen kogin Haɗeja da reshensa da ake kira kogin Kafin Hausa. Damina gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga batun da ake kai, domin baba ba ya jure kwanciyar ruwa a gindinsa. Tsiron tudu ne, abokin zaman gero da dawa da wake, ba na shinkafa ba. Saboda haka irin ƙasar da ta fi yawa a wannan yanki ita ce irin wadda yake so.

3.0 Gane Baba

3.1 Suna da Dangi

A rubuce, kalmar "baba" ta tsiro ba ta da bambanci da baba mahaifi ko baba ƙanwar uba. Karin sauti ne yake raba su a baki. Ta tsiron tana da dogon wasali da karin sama a duka gaɓoɓinta biyu.

A wajen masana tsirrai, baba ɗan gidan wake ne. Danginsa su ne wake da gyaɗa da gujiya, har da manyan itatuwa irin su ɗorawa da tsamiya da gawo. Abin da ya haɗa su shi ne 'ya'yansu suna zama a cikin kwanso. Linnaeus, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, shi ya tabbatar wa wannan rukuni sunan Indigofera a 1753, kuma yanzu an san ire-irensa sun haura 700 a ƙasashe masu zafi. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke da launin da ya isa a yi rini da shi. A nan ne gane baba ya zama ilmi mai amfani, domin wanda ya cika karofi da ganyen da ba shi ne ba ya yi asarar ruwa da toka da kwanaki.

3.2 Siffarsa

Baban rini ƙaramin icce ne mai rassa da yawa, tsayinsa daga ƙugun mutum zuwa sama da kansa, watau kamar mita 1 zuwa 2. Alamomi huɗu ne ake gane shi da su.

Ta farko ita ce ganye. Kowane ganye yana ɗauke da ƙananan ganyaye jere biyu-biyu suna fuskantar juna, sannan guda ɗaya tilo a can ƙarshe. Saboda haka adadinsu kullum mara ne, ba cika ba, galibi daga 9 zuwa 15. Launinsu kore ne mai ɗan toka-toka, saboda wani gashi siriri da ya kwanta a jikinsu.

Ta biyu ita ce fure. Ƙanana ne, ja mai haske ko ruwan hoda, suna fitowa a jere a kan ɗan tsinke daga hammatar ganye. Ƙirarsu irin ta furen wake ce.

Ta uku ita ce kwanso. Siriri ne, mulmulalle, tsawonsa kamar santimita 2 zuwa 3, yana rataye yana kallon ƙasa, da yawa a wuri ɗaya. In ya bushe yakan yi duhu, 'ya'yan ciki kuma ƙanana ne masu tauri.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran ƙarfi, ita ce gwaji. In aka murje ɗanyen ganye a tafin hannu aka bar shi ya sha iska, sai wurin ya rine ya yi shuɗi-shuɗi. In kuma ganyen ya bushe sai ya yi baƙi-baƙi, maimakon ya yi ruwan ƙasa kamar sauran ganyaye.

Ire-ire uku ne aka fi nomawa domin rini a Afirka ta Yamma, kuma kwanso ne ya fi saurin raba su. Indigofera tinctoria kwansonsa miƙaƙƙe ne ko mai ɗan lanƙwasa. Indigofera arrecta, wanda ɗan asalin Afirka ne, ya fi tsayi da miƙewa, kwansonsa kuma a miƙe yake sak. Indigofera suffruticosa, wanda asalinsa daga nahiyar Amurka ne, kwansonsa gajere ne a lanƙwashe kamar lauje. Manomi Bahaushe duk baba yake ce musu, domin shi aikin tsiro yake dubawa kafin siffarsa.

3.3 Masu Kama da Shi

Akwai tsirrai na gidan wake da sukan rikita wanda bai saba ba. Tafasa da rai-ɗore furensu rawaya ne, ganyayensu kuma cika ne, babu tilo a ƙarshe. Zamarke yana son fadama, ganyayensa sun fi yawa nesa ba kusa ba, kwansonsa kuma dogo ne ƙwarai. Majimfa, wadda masunta suke sa wa kifi, ganyenta da furenta sun fi na baba girma. Akwai kuma ɗan'uwan baba na jini, wanda masana suke kira Indigofera astragalina, Hausawa kuma suka raɗa masa suna da karin magana, "ƙaiƙayi koma kan masheƙiya". Gashi ne ya lulluɓe shi har kwansonsa, kuma ba a rini da shi.

Sai talaki, wanda shi yana ba da shuni na sosai, amma ba baba ba ne. Icce ne mai yaɗo da faffaɗan ganye, yana son ƙasa mai ruwa da yawa, shi ya sa ya fi yawa a kudu. Shi ne Yarabawa suke kira "elu", suke rina adire da shi.

Wanda ya fara tattara waɗannan sunaye a littafi guda tare da takwarorinsu na kimiyya shi ne J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka, wanda ya tattara tsirrai a ƙasar Katagum da Sakkwato da wasu wurare. Littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary ya fito a 1916. Ƙamusun Bargery na 1934 shi ma ya adana kalmomin rini masu yawa. Abin lura shi ne duk abin da waɗannan Turawa suka rubuta daga bakin manoma da marina da masu magani suka ji shi.

4.0 Noma da Sarrafawa

Ana shuka baba da farkon damina, in ruwa ya zauna. Wani manomi yakan ware masa ƴar gona a bayan gari, wani kuma ya sa shi tsakanin kunyoyin hatsi ko a gefen gona. Irin yana da tauri, don haka jiƙa shi kafin shuka yana taimaka masa ya fito da wuri. A makonnin farko ciyawa takan fi ƙarfinsa, saboda haka noman firi da maimai ba su da makawa. In ya yi ƙarfi kuwa, ba ya neman wata hidima mai yawa.

Lokacin yanka shi ne sirrin aikin. Launi ya fi yawa a ganye daidai lokacin da tsiron ya fara fure, watau bayan wata uku zuwa huɗu da shuka. In aka yi gaggawa launi bai kawo ba. In aka yi jinkiri har kwanso ya ƙosa, ganye ya fara zuba, an yi asara. Ba a tumɓuke shi. Ana yanke shi ne a bar kututture, ya sake toho, kuma gindi ɗaya yakan yi shekara biyu ko uku ana mora.

Baba yana da wani amfani da manomi ya sani tun kafin kimiyya ta bayyana dalilinsa, watau ba ya cinye ƙarfin ƙasa. A jikin saiwarsa akwai ƴan ƙulle-ƙulle da wasu ƙwayoyin halitta suke zaune a ciki, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna mai da shi abincin tsiro. Haka wake da gyaɗa suke yi. A jigawa mai ƙarancin taki, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Bayan yanka, sai a sassara ganye da ƙananan rassa, ko a daka su, a tara a bar su su ɗan ruɓe, sannan a shanya. Wasu sukan dunƙule shi curi-curi. A wannan siffa yakan daɗe bai lalace ba, yana da sauƙin ɗauka a kan jaki, kuma ana iya ajiye shi har ya yi daraja. Da haka ya zama haja a kasuwannin ƙauye.

A cikin ɗanyen ganye babu shuɗi ko kaɗan. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi, wanda sai ganye ya ruɓe iska ta taɓa shi yake zama shuni. Shi kuma shunin ba ya narkewa a ruwa. Aikin marini shi ne ya narkar da shi. Yakan zuba baba a karofi tare da ruwa da toka da katsi, watau ƙonannen gurɓin tsohon karofi, ya bar shi kwanaki yana tsima, yana motsa shi da dogon icce. In ya nuna, ruwan ciki yakan koma kore mai rawaya-rawaya, da kumfa mai ƙyalli a sama. Zanen da aka tsoma yakan fito kore, sai ya sha iska ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idon mai kallo. Yawan tsomawa shi ne yawan duhu. In ƙarfin ruwan ya ƙare ya zama dagwalo, sai a kwashe, a ƙone gurɓin a sake samun katsi.

5.0 Baba a Tattalin Arzikin Ƙarni na 19

Rini da baba tsohon abu ne a Afirka ta Yamma. Tufafin da aka samo a kogunan duwatsun Bandiagara a ƙasar Mali, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu tun daga ƙarni na 11, suna ɗauke da rinin shuni. A Kano, ana danganta kafuwar marinar Ƙofar Mata da shekarar 1498, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma bunƙasar da ta sa sunan ƙasar Hausa ya kai nesa a ƙarni na 19 ta faru, bayan jihadi ya haɗa masarautu da yawa ƙarƙashin Daular Sakkwato, kasuwa ta faɗaɗa.

Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya bayyana yadda ake sarrafa baba da yadda ake bugun tufafi, ya kuma lura cewa mata suna shafa shuni a gashi. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya kawo alƙaluma. Ya ce karofin da ke cikin birni kaɗai ya haura 2,000, kuma ana biyan wuri 700 a kan kowanne, wanda ake kira kuɗin karofi. Ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kai wa Tambutu a shekara sun kai kayan raƙumi 300, na kimanin wuri miliyan 60, duk abin da ake fitarwa kuwa bai gaza na wuri miliyan 300 ba. Turkuɗi da kore da rawani ɗan Kura sun kai Agadas da Murzuk da Kukawa.

Philip Shea, a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Jami'ar Wisconsin a 1975, ya nuna cewa yawancin wannan aiki a garuruwan karkara aka yi shi, irin su Kura da Dal da Zarewa, ba a birni kawai ba. Ya kuma nuna muhimmancin laso, watau simintin gargajiya da ake haɗawa da katsi da dafara da gashin dabba, wanda ya ba da damar gina rami mai zurfi maimakon dogaro da tukunya. Babban rami yana cin baba mai yawa. Don haka duk ƙaruwar karofi ƙaruwar gonakin baba ce, kuma bayan kowane marini akwai manoma da masu jakai da dillalai da ba a cika ambatonsu ba. Hukuma kuwa ba ta mance da su ba, domin a ƙasar Kano akwai kuɗin shuka, harajin da ake ɗora wa amfanin gona na sayarwa, ban da na hatsi.

Ƙasashen gabas, daga Dutse da Jahun zuwa Kafin Hausa da Haɗeja, suna tsakanin Kano mai rini da Barno mai saye. Amma ba kullum suke da zaman lafiya ba. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya hau a 1848 ya rasu a 1863, ya yi wa Sakkwato tawaye, yaƙe-yaƙensa kuma sun addabi gabashin ƙasar Kano. Barth, wanda ya bi ta Gumel a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa a 1851, ya ambaci wannan hargitsi. Tsiron da ake sa ran morarsa shekara biyu ko uku, da ramin da aka kashe dukiya aka gina, ba su jituwa da gudun hijira. Wannan yana cikin dalilan da suka sa manyan cibiyoyin rini na fatauci suka taru a kudu da birnin Kano.

6.0 Dalilan Ja da Baya

Dalili na farko daga Jamus ya zo. Adolf von Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin gwaji a 1880, ya gano tsarin sinadarinsa a 1883, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shi a 1897. Kafin yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, noman baba na fatauci a Indiya, wadda ita ce ta fi kowa fitar da shi, ya durƙushe. Sannu a hankali shunin masana'anta da galura suka iso kantunan Nijeriya. A Abekuta rigima a kansu ta kai har Alake ya hana marina amfani da su a shekarun 1930, matan da ke rinin adire kuma suka yi masa bore.

A nan ne ya kamata a lura da abin da aka faɗa a gabatarwa. Shunin masana'anta bai kashe marini nan take ba. Sauƙi ma ya kawo masa. Wanda ya raba da aikinsa shi ne manomi. Mai kallo yana ganin karofi na aiki, zane na fitowa shuɗi, bai san cewa igiyar da ta haɗa rami da gona ta fara tsinkewa ba.

Dalili na biyu shi ne gyaɗa. An buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, aka miƙa ta zuwa Nguru a 1930, ta bi ta Ringim da Malam Madori. Gwamnatin mulkin mallaka, wadda ta ci Kano a 1903 da Haɗeja a 1906, tana karɓar haraji da kuɗin Turawa. Gyaɗa tana son jigawa kamar yadda baba yake so, tana gyara ƙasa kamar yadda yake yi, ga kuma mai saye yana jira da kuɗi a hannu. Ƴar'uwarsa ta gida ɗaya ita ta gaje masa wuri.

Dalili na uku shi ne sauyin sutura. Yadudduka da atamfofi daga Ingila, daga baya kuma na masaƙun gida, tun daga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, sun rage wa saƙi kasuwa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya talauta Buzaye, waɗanda su ne manyan masu sayen turkuɗi, ya kuma sa manomin jigawa ya fifita abin da zai ci. A yau marinar Ƙofar Mata tana aiki da baba da toka, amma ramukan da ke raye kaɗan ne a kan waɗanda aka bari.

7.0 Abin da Ya Rage a Harshe

Harshe ya fi gona riƙon amana. Unguwanni da garuruwa masu suna Marina ko Karofi suna nan ko da babu rami ko ɗaya a cikinsu. Ana cewa "a rina, an saci zanen mahaukaciya" ga abin da aka san zai faru, domin ɓarawon zanen da kowa ya sani ba shi da mafita sai ya sauya masa launi. Ana kiran ƙazamin ruwa dagwalo. "Hannu da shuni" kuwa yana tuna zamanin da ake buga tataccen shuni a jikin riga har ta yi ƙyalli, wanda ya sa ta kuma launin ya zauna masa a hannu, kowa ya san ya isa.

Amma kalmar da ta rabu da abin da take nufi tana cikin haɗari. Malamin da ke koyar da karin magana, in bai san katsi da laso da talaki ba, fassara kawai zai ba ɗalibi, ba fahimta ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa baba tsiro ne na gidan wake da ya dace da jigawar Kafin Hausa da maƙwabtanta, ana gane shi ta ganye da fure da kwanso da gwajin murzawa, kuma a kansa ne babbar sana'ar fatauci ta ƙasar Hausa ta tsaya a ƙarni na 19. An kuma ga cewa shunin masana'anta da gyaɗa sun kore shi daga gona tun karofi yana raye.

Aikin da ke gaban masu nazarin harshe da al'ada a fili yake. Dattawan da suka yanki baba da hannunsu suna ƙarewa. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi, musamman na Dutse da Kafin Hausa da Gumel, su tura ɗalibai ƙauyuka su rubuta sunayen ire-irensa da kalmomin nomansa kamar yadda ake faɗarsu a kowane gari, tare da ganye da kwanson kowanne. Kunya biyu ta baba a gonar makarantar firamare ta isa ta sa yaro ya murje ganye a tafinsa, ya ga shuni ya fito.